Me ya sa har yanzu ake tururuwar zuwa kallon Rolling Stones?

A shekarar 2024 ƙungiyar makaɗan rok ta Rolling Stones ta yi rangadi a biranen Amurka da Kanada, tana cika manyan filayen wasa dare bayan dare. Mawaƙinta Mick Jagger yana da shekara 80 a lokacin, haka ma mai kaɗa jita Keith Richards. Wadda ta ɗauki nauyin rangadin kuwa ita ce AARP, ƙungiyar da ke kare muradun 'yan shekara 50 zuwa sama a Amurka. Mutane sun sha dariya a kan wannan, amma dariyar ba ta hana su sayen tikiti ba. Ga wasu tambayoyi da wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba zai iya yi, tare da amsoshinsu.

Su wane ne, kuma daga ina suka faro?

'Yan Ingila ne. Jagger da Richards sun yi firamare tare a garin Dartford da ke kusa da Landan, daga baya kowa ya kama gabansa. A watan Oktoban 1961 suka sake haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta garin, Jagger na rungume da faya-fayen Chuck Berry da Muddy Waters, mawaƙa baƙar fata na Amurka waɗanda samun faifansu a Ingila ke da wuya a wancan lokaci. Faya-fayen ne suka jawo hira, hirar ta jawo kiɗa. Suka haɗu da Brian Jones, wanda shi ne ya tara ƙungiyar ya kuma raɗa mata suna daga wata waƙar Muddy Waters. Wasansu na farko an yi shi ranar 12 ga Yulin 1962 a gidan rawa na Marquee a Landan. Mai ganga Charlie Watts ya shigo a farkon 1963.

Ɗaya daga cikin manajojinsu na farko, Andrew Loog Oldham, ya lura cewa Beatles, wata ƙungiyar makaɗan Ingila da ke tashe a lokacin, sun riga sun kama gurbin yaran kirki masu kwat da murmushi. Sai ya tallata nasa yaran a matsayin fitinannu, masu buzu-buzun gashi, waɗanda uba ba zai so ya gansu a ƙofar gidansa suna sallama da 'yarsa ba. Dabarar ta ci, kuma sunan ya bi su har tsufa.

Ƙungiyoyi da yawa sun yi tashe a zamaninsu suka watse. Su me ya riƙe su?

Beatles, waɗanda suka fi su farin jini, sun watse a 1970, kafin su cika shekara goma da fitar da faifansu na farko. Wannan shi ne abin da aka saba gani. Matasa huɗu ko biyar su taru tun ba su da ko sisi, kuɗi ya shigo, kowa ya fara ganin shi ne ginshiƙi, a rabu da juna ta hannun lauyoyi.

Rolling Stones ma sun kai bakin wannan rami. A tsakiyar shekarun 1980 Jagger ya fitar da kundin waƙoƙinsa shi kaɗai, a 1985, ya kuma ƙi fita rangadi da ƙungiyar. Richards ya ɗauki abin a matsayin cin amana, aka shiga cacar baki a jaridu, har shi ma ya kafa tasa ƙungiyar. Shekara bakwai suka yi ba su fita rangadi ba. A 1989 suka zauna suka shirya, suka koma fage. Abin da kowannensu ya gano a tsakanin nan ba wani sirri ba ne: jama'ar da ke cika filin ƙwallo in an ce Rolling Stones, ba ta cika shi in an ce Jagger shi kaɗai ko Richards shi kaɗai.

Halayensu sun sha bamban, kuma a ganina bambancin ne ya yi musu rana. Jagger ɗan malamin motsa jiki ne, ya fara karatu a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan kafin ya bari saboda kiɗa. Shi ne mai lissafi, mai bin diddigin kwangila, mai sa kunne ga abin da matasa ke saurare don kada a bar su a baya. Richards kuwa ko a jikinsa. Shi dai a bar shi da jitarsa da tsohon kiɗan bulus, salon baƙar fatan Amurka irin su Muddy Waters. Lokacin da masarautar Ingila ta ba Jagger lambar girma ta "Sir" a 2003, Richards fitowa ya yi fili ya yi masa ba'a. Littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2010 ma ya sake tayar da ƙura, har sai da ya ba da haƙuri. Da duka biyun masu lissafi ne, da kiɗan ya zama lami. Da kuma duka biyun irin Richards ne, da wuya ƙungiyar ta ga ƙarshen shekarun 1970.

Masoya suna bin wannan sa-in-sa kamar yadda ake bin labarin 'yan'uwan da aka sani tun suna yara. Kowa na da gwaninsa a cikin biyun. Shi ya sa a tsakiyar wasa, idan suka jingina da juna a gaban makirufo ɗaya suna waƙa, filin yakan ɗauki sowa fiye da kima, domin masu kallo sun san irin kai ruwa ranar da aka sha kafin a iso wurin.

To, ba kewar zamanin ƙuruciya ba ce kawai ke kawo mutane?

Tana ciki, kuma babu abin kunya a faɗin haka. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abubuwan da mutum ya gani ko ya ji daga balagarsa zuwa farkon shekarunsa na ashirin su ne suka fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa, kuma kiɗa na sahun gaba. A wannan tsakani ne ake fara soyayya, ake barin gidan iyaye, ake zaɓen abokai. Waƙar da ke tashe a lokacin takan manne da waɗannan abubuwa, ta yadda in ta tashi bayan shekara arba'in, ba sautin kaɗai ke dawowa ba.

Sai dai kewa kaɗai ba ta isa bayani ba. Mai kewar 1965 zai iya kunna faifai a ɗakinsa, ba sai ya biya kuɗin tikiti da na otal ya tsaya awa biyu a kan ƙafafun da ke masa ciwo ba. Abin da ƙungiya mai dogon zamani ke bayarwa, wanda faifai ba ya bayarwa, shi ne ganin mutanen nan da ransu, sun tsufa kamar yadda kai ma ka tsufa, kuma ba su ajiye aikin ba. Wanda ya fara jin su yana ɗan shekara 15, ya yi aure da waƙarsu, ya yi ritaya suna nan, ba tsohon hotonsa yake zuwa kallo ba. Yana zuwa ne ya ga wani abu da ya faro tare da shi wanda har yau bai ƙare ba. Beatles sun tsaya cak a 1970, suna nan matasa har abada a hotuna. Su kuwa waɗannan fuskokinsu sun yamutse a idon jama'a, shekara bayan shekara.

A watan Afrilun 2019 aka yi wa Jagger aikin sauya bawul ɗin zuciya. Bayan 'yan makonni ya saki wani ɗan bidiyo yana atisayen rawa a gaban madubi, kuma kafin ƙarshen Yuni ya koma kan dandamali. Ga ɗan shekara 70 da likita ya gama gaya wa irin wannan labari game da tasa zuciyar, bidiyon nan ya wuce nishaɗi.

A kiɗan kansa fa, mene ne kunne ke kamawa?

Nan ne ya kamata a ɗan tsaya, domin ana yawan maganar shekarunsu a manta da aikin hannunsu.

Jita tana da tsirkiya shida. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 Richards ya riƙa cire mafi kaurin cikinsu ya bar biyar, ya kuma sauya ɗaurinsu ta yadda ko bai danna komai da hannun hagu ba, in ya shafa su gaba ɗaya sai su ba da sauti mai jituwa. Dabara ce da ya koya daga salon makaɗan bulus na jihohin kudu na ƙasar Amurka. Da yatsa ɗaya a kwance a kan tsirkiyoyin, sai ƙarin yatsu biyu da yake ɗorawa yana ɗagawa, yakan fitar da ɗan gajeren salo mai maimaituwa wanda ake gane waƙar da shi tun a daƙiƙa biyun farko. Yawancin waƙoƙinsu da filin wasa ke amsawa da ihu tun kafin Jagger ya buɗe baki, daga wannan ɗauri suka fito. Akwai kuma gurabe na shiru a tsakanin bugu da bugu, waɗanda yake bari da gangan. Masu koyon jita sukan yi mamakin yadda abin ke da sauƙin dannawa amma yake da wuyar kwaikwayo.

A mafi yawan ƙungiyoyi akan raba aiki: mai jita ɗaya ya riƙe amo, ɗayan ya yi gwaninta a sama. Richards da Ronnie Wood, wanda ya shigo a 1975, ba sa bin wannan tsari. Sukan riƙa musayar gurbi a cikin waƙa ɗaya, wannan ya shiga inda wancan ya bari, har mai sauraro ya kasa tantance wane ne ke kaɗa me.

Sai Charlie Watts, mutumin da zuciyarsa ke wajen kiɗan jaz, mai sa kwat tsaf, wanda ya zauna da mace ɗaya tun 1964 har mutuwarsa. Gangunansa kaɗan ne in aka kwatanta da na takwarorinsa. Yana da wata ɗabi'a da masu lura suka sani: duk lokacin da sandar hagu za ta sauka a kan ƙaramar gangar tsakiya, sai ya ɗage ta dama daga faifan ƙarfen da yake kaɗawa, don bugun ya fito shi kaɗai, tas. Kuma a yawancin ƙungiyoyi kowa mai ganga yake bi, amma a nan mai gangar ne ke bin jitar Richards, yana biye da ita da ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ne ke sa kiɗan ya riƙa rangaji kamar zai kife amma ba ya kifewa. A kan dandamali sukan yi kuskure, wani lokaci a shiga waƙa a karkace sai an yi 'yan daƙiƙu kafin a daidaita. Masoyansu ba sa ɗaukar wannan aibi. A zamanin da ake gyara kowace murya da kwamfuta, jin mutane suna kiɗa da hannu, da yiwuwar su ɓata, wani abu ne da ake biya a gani.

Mutum nawa suka rage daga na asali? Anya ƙungiyar ce har yanzu?

Biyu: Jagger da Richards. Brian Jones ya rasu a wurin ninƙaya na gidansa a Yulin 1969, yana da shekara 27, ƙasa da wata guda bayan rabuwarsa da ƙungiyar. Mick Taylor da ya gaje shi ya tafi a 1974. Bill Wyman, mai jitar bes, ya bari a 1993. Watts ya rasu ranar 24 ga Agustan 2021 yana da shekara 80, Steve Jordan ya hau kujerarsa, kuma Watts ɗin ne da kansa ya amince da shi ya riƙe masa wurin lokacin da rashin lafiya ta kwantar da shi.

Masoyan rok ba su da matsaya ɗaya a kan wannan tambaya. 'Yan ƙungiyar Led Zeppelin sun rufe shafinsu a 1980 da mutuwar mai gangarsu John Bonham, kuma ana girmama su saboda haka. A shekarar ce kuma AC/DC suka rasa mawaƙinsu Bon Scott, suka ɗauko Brian Johnson, suka fitar da kundin da ya fi duk nasu kasuwa. U2 na ƙasar Ayalan suna nan su huɗun da suka faro a Dublin a 1976. Game da Rolling Stones, akwai tsofaffin masoya da suka ce daga ranar da Watts ya tafi sun daina zuwa, kuma ina ganin hujjarsu, domin rangajin nan da aka ambata a sama rabinsa nasa ne. Mafi yawa dai sun tsaya a kan cewa muddin waɗancan biyun na tsaye, sunan bai zama aro ba.

Matasa fa, me ya haɗa su da kiɗan kakanninsu?

Da yawa a mota suka fara ji, iyaye na tuƙi. Wasu a finafinai, wasu a manhajojin sauraren kiɗa, inda waƙar 1969 da ta makon jiya ke zaune a jeri ɗaya ba tare da wata alamar tsufa ba. Ba abin mamaki ba ne a ga kaka da ɗa da jika a layi ɗaya a filin wasa.

Akwai kuma tambarin nan na jan leɓe da harshe a waje. Wani ɗalibin zane a Landan, John Pasche, shi ya zana shi a 1970 aka biya shi fam 50, kuma a 2008 gidan tarihi na Victoria and Albert ya sayi ainihin zanen. Yau ana ganin sa a rigunan yaran da ba za su iya kawo sunan waƙa uku na ƙungiyar ba. Tsofaffin masoya na jin haushin wannan, amma ta ƙofar rigar wasu ke shigowa.

Wasanni biyu na kyauta sun nuna iyakar inda abin ya kai. A Fabrairun 2006 sun yi wasa a bakin tekun Copacabana a Rio de Janeiro ta Burazil, inda aka ƙiyasta mutum kusan miliyan ɗaya da rabi. A Maris na 2016 suka yi wani a Habana, babban birnin Kyuba, 'yan kwanaki bayan ziyarar Shugaba Barack Obama. A ƙasar, an taɓa yin zamanin da hukuma ke kallon kiɗan rok a matsayin gurɓatar tarbiyya daga ƙasashen jari-hujja, mutane na sauraren faya-fayen a ɓoye. Ga waɗanda suka rayu a wancan lokaci, tsayuwa a fili ana jin wannan kiɗa da lasifika ya fi ƙarfin shagali.

Wasu na cewa kamfani ne kawai yanzu, ba 'yan tawaye ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma sun daɗe da zama haka. A ƙarshen shekarun 1960 suka farga cewa duk da suna da suka yi, aljihunsu wayam, ga bashin haraji, kuma haƙƙin mallakar waƙoƙinsu na farko ya faɗa hannun tsohon manajansu Allen Klein. A 1971 suka tattara suka koma kudancin Faransa don guje wa harajin Ingila. Wani masanin harkar banki, Rupert Loewenstein, ya riƙe musu lissafi kusan shekara arba'in. Rangadinsu na Amurka a 1981 yana cikin na farko-farko da wani kamfani ya ɗauki nauyi, kamfanin turare na Jovan. A 1995 Microsoft ya biya su don tallata manhajar kwamfuta ta Windows 95 da waƙarsu.

Tikitinsu na da tsada, kuma masoya na ƙorafi a kai a kowane rangadi, sannan su saya. Tawayen da ake sayarwa a filin wasa mai ɗauke da tambarin masu talla, wasan kwaikwayo ne, kowa ya sani. Amma ba don wannan tsantsenin lissafi ba, da sun bi sahun ɗimbin takwarorinsu da suka ƙare a tsiya.

Akwai abin da masoya ke kau da kai a kansa?

Akwai. A Disambar 1969, a wasan kyauta na Altamont a jihar Kalifoniya, an damƙa tsaron dandamali a hannun 'yan ƙungiyar babura ta Hells Angels, ɗaya daga cikinsu ya daɓa wa wani matashi baƙar fata, Meredith Hunter, wuƙa har lahira, Rolling Stones na tsaka da kiɗa. Shaye-shayen Richards, wanda ya kai ga kama shi da muguwar ƙwayar nan ta heroin a Toronto a 1977, an mayar da shi abin barkwanci, ana cewa babu abin da ke kashe shi. Barkwancin na mantawa da na kusa da su da wannan hanya ta hallaka. Wasu baitocinsu game da mata ba sa jin daɗin kunne a yau, kuma a 2021 sun cire waƙarsu "Brown Sugar" daga jerin abin da suke kaɗawa saboda yadda ta taɓo bauta da mata baƙar fata.

Sai batun bashin da ke kansu na makaɗan bulus. Fararen yara daga Ingila sun yi arziki da salon da masu shi suka rayu cikin wariya da ƙarancin biya. Abin da za a faɗa a madadinsu shi ne ba su taɓa ɓoye inda suka ɗebo ba. A 1964 sun je Shikago sun yi rikodin a situdiyon Chess, inda gwanayensu ke aiki. A 1965 suka nace sai an gayyato mawaƙin bulus Howlin' Wolf cikin wani shirin talabijin na matasa a Amurka, suka zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa yana waƙa. Fararen Amurka da yawa ta bakin waɗannan baƙi suka fara jin sunayen mawaƙan ƙasarsu.

Sabbin waƙoƙinsu na da wani tasiri?

Kaɗan. Kundinsu na 2023, Hackney Diamonds, shi ne na farko mai sabbin waƙoƙi tun 2005. Ya samu yabo, ya ci kyautar Grammy, kuma akwai gangar Watts a waƙa biyu da aka ɗauka kafin rasuwarsa. Amma a filin wasa, da zarar an shiga sabuwar waƙa sai ka ga layin sayen abin sha ya ƙaru. Amfanin sabon kundi a wurin masoya shi ne shaida cewa mutanen na aiki har yanzu, ba jujjuya tsohon kaya kaɗai suke yi ba.

Yaushe za su daina?

An fara yi musu wannan tambaya tun suna 'yan shekara talatin, kuma kusan kowane rangadi sai jaridu sun ce wataƙila shi ne na ƙarshe, abin da ba ya cutar da cinikin tikiti. Jagger da kansa, a tsakiyar shekarun 1970, ya taɓa cewa gara ya mutu da a same shi yana rera waƙarsu "Satisfaction" yana da shekara 45. Ya kusa ninka shekarun yana rera ta.

Tunanin cewa rok kiɗan yara ne da ya kamata a ajiye in furfura ta fito, ya samo asali ne daga lokacin da kiɗan kansa yake sabo, babu wanda ya taɓa tsufa a cikinsa. Su kuwa ba daga nan suka ɗauki darasi ba. Mutanen da suka koya daga wurinsu ba su san ritaya ba. Muddy Waters yana kan dandamali tare da su a wani ƙaramin gidan rawa na Shikago a 1981, ƙasa da shekara biyu kafin rasuwarsa. B.B. King ya yi ta rangadi har 2014, ya rasu a shekarar da ta biyo yana da 89. Chuck Berry ya sanar da sabon kundi ranar da ya cika shekara 90, kundin ya fito a 2017, 'yan watanni bayan mutuwarsa.